Haƙurin Da Ake Nema Daga Ma'aikata

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, babu kalmar da shugabanni suka fi jaddada wa ma'aikata kamar haƙuri. A Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma kafin ƙarshen shekarar litar fetur, wadda a da ba ta kai naira 200 ba, ta haura 1,000. Da farashin kwanon masara da kuɗin mota ma'aikaci ke auna jawabin shugaba. Malam Aminu Kano ya sami amincewar talakawa domin rayuwarsa ta yi kama da tasu. Duk shugaban da zai nemi a ɗaure ciki, sai an fara ganin nasa a ɗaure.