Kotun da Ba Ta Da Ɗaukaka Ƙara

A 1920 manoman Tambov a Rasha sun tayar wa gwamnatin juyin juya hali saboda ƙwace musu hatsi da ƙarfi. A 1921 aka tura musu Mikhail Tukhachevsky, matashin kwamandan da ya yi suna a yaƙin basasa. Ya yi garkuwa da iyalansu, ya sa aka harbe mutane ba shari'a. A 1935 ya zama mashal. A Yunin 1937 Stalin ya ɗora masa cin amanar ƙasa. Zaman yini ɗaya kotun sirri ta yi, aka harbe shi. Yawancin hafsoshin da suka yi alƙalancin su ma ba su tsira ba. Sai a 1957 aka wanke shi.

Mu nan Katsina ba baƙon labari ba ne. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa yana cikin waɗanda suka kifar da Gowon a 1975. Shi ne na biyu a gwamnatin da kotun sojanta ta sa aka harbe fiye da mutum 30 bayan kisan Murtala a 1976. A 1995 irin wannan kotu ta yanke masa kisa a zamanin Abacha, aka sassauta zuwa ɗauri, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. Allah Ya jiƙansa. Ban haɗa shi da Tukhachevsky a hali ba. Ai da shi aka miƙa wa farar hula mulki a 1979. Amma kotun ba ta tambayi halinsa ba.

Yanzu a duba ƙauyukanmu, daga Faskari zuwa Malumfashi. 'Yan bindiga sun hana noma, zukata sun ƙuna. Sai a nuna mutum ranar kasuwa a ce "infoma ne", kafin la'asar an binne shi. Ba shaida, ba alƙali. Wani rikicin gona ne ya ci shi, wani bashin taki.

Mai tafa wa wannan hukunci ya sani, gobe yatsan zai iya juyowa kansa. Shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma, hukuma kuma ta daina sakin mai laifi ta bayan gida, don wannan sakin ne ke tura jama'a ɗaukar doka a hannu.