Zauren Iyali: Lambun Ban-ruwa Ko Shukar Da Ke Rainon Kanta?

Muhawarar da dattawanmu biyu suka tafka bayan sallar Juma'a a harabar masallacin Hassan II ita ce mafarin rubutunmu na wannan wata. Ɗaya ya ce lambu bai amsa sunansa ba sai mutum ya duƙa ya ja fangali, ya yi ban-ruwa safe da yamma. Ɗayan ya ce shi ayaba da rogo da gwanda ya dasa a bayan gida, kuma ba ya leƙa su sai ranar ɗiba.

Mu da aka raine mu da labarin fadamun Kano da albasar Galmi, zuciyarmu tana wajen na farko. Sai dai ƙasar nan ba waccan ba ce. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000, wajen ninki uku na abin da Kano ke samu. A gida, wahalar mai lambu ita ce neman ruwa. A nan kuwa, kare shuka daga gare shi. Yana wanke taki, ciyawa ta rufe fangali, tumatir ya yanƙwane yana tsaye, albasa ta yi lawashi ta ƙi yin kai. Ba banza ba motoci ke kawo wa kasuwar Mont-Bouët tumatir da albasa daga Kamaru. Masu lambun sana'a, irin waɗanda cibiyar IGAD, da aka kafa a 1992, ta tallafa wa a gefen gari, wuni suke yi a kan aikin.

To, ina ɗan kasuwar da ke fita bayan asuba ya dawo bayan magariba, ya kuma tafi ganin gida ya yi wata biyu, zai sami wannan sukuni? A ganinmu, irinsa ayaba da zogale da rogo suka dace da shi, domin za su jira shi ya dawo. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa sassabe ƙarƙashinsu, a kifar da duk gwangwanin da ke tara ruwa, kada mu noma wa yaranmu sauro.

Akwai kuma batun haya, wanda mafi yawanmu ke ciki. Itacen atanga ko mangwaro yakan ɗauki shekaru kafin ya yi 'ya'ya, kuma ƙasar ta mai gida ce. A nemi izininsa tukuna. In an tashi an bar wa wasu, hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna abin da mutum ko tsuntsu ya ci sadaka ce ga mai dashe.

Duk da haka ba mu yarda a yaye hannu daga ƙasa ɗungurungum ba. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, a cika buhu uku ko huɗu da ƙasa da kashin kaji, a shuka yakuwa da alayyafo da kuɓewa, a danƙa wa yara ban-ruwansu kafin su tafi Islamiyya.