Rai Ɗore Ba Tafasa Ba Ne: A Daina Cewa "Na Daji Ba Ya Kisa"



Duk damina, daga bakin kogin Yedzaram zuwa kangwaye da bayan gidajenmu, tafasa da rai ɗore kan fito gefe da gefe. Tafasa abinci ce. Da kwaɗonta da ƙuli-ƙuli iyayenmu suka rufa asiri a shekarun yunwa. Rai ɗore kuwa an san shi da maganin zazzaɓi. Ba na jayayya da wannan tarihi. Da masu cewa tsiron daji ba ya cutarwa, tunda Allah ne ya fito da shi, nake faɗa. To, zaƙami wa ya fito da shi?

A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, musamman yankin Saharanpur, an yi shekaru yara na mutuwa bayan damina, ana zaton cutar kumburin ƙwaƙwalwa ce. A 2007 likitoci suka wallafa binciken da ya ɗora laifin a kan 'ya'yan rai ɗore da yaran talakawa ke tsinka suna ci. Gubarsu na lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Shi ne dai tsiron da yaranmu ke wasa a cikinsa.

Wani zai ce kakanninmu sun sha, ba abin da ya same su. Kakanni sun san ɓangaren da ake ɗiba da gwargwadonsa. Ko a Japan da Koriya, inda ake cin wani tsiron daji mai guba da Japanawa ke kira warabi, sai an tafasa shi an jiƙa, a Japan har da toka, kafin ya shiga tukunya. Mu kuwa mun riƙe sunan gargajiya mun yar da iliminta, kowa ya zama mai magani a WhatsApp.

Bambance su ba wuya. Ganyen tafasa shida ne, bibbiyu, masu zagayayyen baki. Na rai ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini.

Iyaye, a tuge rai ɗore daga inda yara ke wasa kafin ya yi 'ya'ya. Yaron da ya ci ya fara amai ko magagi, a garzaya da shi asibiti tare da tsiron, kada a tsaya ba shi manja ko madara. Masu unguwanni da limamai, wannan faɗakarwa tana wuyanku.

Allah ya tsare mana zuri'a, amin.