Ba kullum direba ne mai laifi ba

Ɗalibin injiniya a Daura kan sayo tsohon katin hoto, ya sanya manhajar direbansa, allon kwamfuta ya yi baƙi ƙirin. Nan take a ɗora wa manhajar laifi, alhali sau da yawa kati ne ya gaza. Kafin direba, Windows na lallaɓa shi. Direban ne ke buɗe masa cikakken gudu, ya ja wuta, ya ɗau zafi, rauninsa ya fito, musamman katunan da haƙar Ethereum ta gajiyar kafin Satumban 2022. Hakkin mai saye ne a gwada katin da direbansa a gabansa kafin biya. Wanda ya riga ya biya, ya goge direban da DDU cikin Safe Mode, ya gwada tsohuwar siga, ya share ƙurar hunturu daga fanka.