Lafiya Uwar Jiki: Me Ke Sa Zuciya Ta Yi Kauri?

Sau da yawa mukan ji ɗan'uwa ya dawo daga Korle Bu yana cewa wai likita ya ce zuciyarsa ta yi girma. To, me ke kawo haka?

Zuciya tsoka ce, tana bugawa kamar sau 100,000 a rana. Ƙwayoyinta ba su cika hayayyafa ba bayan haihuwa, saboda haka in aiki ya yi yawa sai kowace ƙwaya ta ƙara kauri. Masu kawo wannan umurni su ne sinadaran sa girma, waɗanda gano na farkonsu ya sa Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka sami lambar Nobel a 1986. Sinadarin yakan tsaya a jikin ƙwaya kamar ɗan aike a bakin zaure, saƙo ya bi hannu-hannu har cikin gida, sannan ƙwaya ta shiga ƙera sabon nama.

Amma ɗan aike iri-iri ne. Saurayin da ke buga ƙwallo a filin Kawukudi, IGF-1 ne ke yi wa zuciyarsa sallama, ta girma da ƙarfinta. Mai hawan jini kuwa, angiotensin II da TGF-beta ne ke buga masa ƙofa dare da rana. Su kan sa bangon zuciya ya yi kauri, ya cika da tabo, ya sandare. Ƙarshenta sai haki da kumburin ƙafa.

Abin farin ciki, ana iya tare ɗan aiken. Lisinopril da danginsa suna hana jiki sarrafa angiotensin II, kuma in jini ya sauka ya zauna, kaurin yakan ragu. Shi ya sa barin magani don ciwon kai ya tafi babban kuskure ne.

Mu je asibitin Maamobi a auna mu. In awo ya yi ta kai 140/90, mu bi maganar likita. Mu rage koobi, momoni da dunƙulen miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya.

Cibiyar aikin zuciya da Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a Korle Bu a 1989 tana nan, amma rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.