Kafin Ɗanki Ya Hau Dutse Kallon Dam

 

Duk wadda ke da matashi a gida mai riƙe da waya, ta leƙa hotunan da yaran Funtua da Malumfashi ke ɗorawa a Facebook da TikTok. Za ki ga yaro tsaye a ƙololuwar dutse ya ware hannuwa, a bayansa ruwan dam yana ƙyalli, gonakin dawa da masara sun miƙe iya ganin ido. Wannan yawo ya zama yayi, musamman ranakun Sallah, da hutun makaranta, da lokacin da aka gama jarrabawar WAEC. Yaran ba hanya suke bi ba. Su ratsa gona, su kutsa ciyawa, su kama dutse da hannu da ƙafa har su kai sama. Abin da aka faɗa miki a gida kuwa shi ne, “Mama, za mu gidan aboki.”

Ni dai ra'ayina, hani kawai ba ya magance wannan. Yaron da kika hana zai je ne a ɓoye, ba ruwan sha, ba takalmin kirki, ba wanda ya san inda yake. In ya ji ciwo ma ɓoye miki zai yi don tsoron duka, kuma ciwon da aka ɓoye shi ne ke iso mana asibiti a makare. Gara ki san ranar tafiyar, ki san wurin, ki sa hannu a shirin.

Abin da ke jan su

Kada mu yi wa yaran rashin adalci, wurin yana da kyau. Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce, sunayen unguwanni irin su Dutsen Reme da Ɗandutse a Funtua sun isa shaida. Ga Dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye, ga na Malumfashi. Kogin Sakkwato kansa daga yankin Funtua ya faro, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato, daga ƙarshe ya zuba a Kogin Kwara. Yaron da ya tsaya a sama ya ga inda ruwan ƙasarsa ke tasowa ya koyi abin da allon aji bai nuna masa ba. Hawan kuma motsa jiki ne mai ƙarfafa zuciya da huhu, ya fi wuni a ɗaki ana latsa waya.

Sai dai akwai bambanci tsakanin duwatsunmu da Dutsen Dala na Kano, wanda aka yi wa matakala. Namu babu matakala, babu abin dafawa, babu mai gadi. Kowa da ƙafarsa da hankalinsa.

Tambayar farko: wurin lafiya?

Kafin maganar takalmi da ruwa, sai an yi maganar tsaro. Babu uwa a kudancin Katsina da ta manta da daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Dazuzzukan da ke wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume ba wurin yawon shaƙatawa ba ne, komai kyan dutsen da aka ba yaro labari. Halin tsaro kuma yana canzawa daga mako zuwa mako. Don haka maigida ko wani babba ya tambayi mai unguwar wurin, ko 'yan sintiri, ko jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023, a ranar da za a yi tafiyar. In sun ce kada a je, magana ta ƙare. Dutsen da ke gefen gari, wanda ake hango gidaje da manoma daga kansa, shi ne na yara.

A kuma koya musu gaida masu gona da neman izinin ratsawa. Wanda aka gaisa da shi da safe shi ne zai fara kawo ɗauki in wani abu ya faru.

Lokaci da guzuri

A tashi bayan sallar asuba, a sauko kafin rana ta take. A watannin Maris zuwa Mayu dutse kan ɗauki zafi har ya ƙona tafin hannu, kuma yana ci gaba da fitar da zafin ko bayan la'asar. Mai azumi ba shi da abin yi a kan dutse a wannan lokaci. Da damina kuwa dutsen da ya jiƙe santsi gare shi kamar an shafa sabulu, balle inda gansakuka ta kama, kuma wuri mai tsayi shi tsawa ta fi sauka. Da an ga hadari ya taso, a sauko, ba a fakewa ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa farkon sanyi, dam a cike, dutse a bushe, hazo bai rufe gari ba tukuna.

Kowane yaro ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu, wato leda huɗu ta fiya wata. Ki haɗa musu da ledar ORS. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin. Ki sa dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Takalmi ya zama kambas mai igiya, wanda ƙasansa bai suɗe ba. Silifas da takalmin Sallah su zauna a gida. Wando dogo mai kauri, da hula. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashi da hijabin da bai wuce gwiwa ba, domin dogon hijabi da zani suna harɗe ƙafa kuma suna kama ƙaya.

Kada su gaza uku, kuma a samu babba a cikinsu: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Ki karɓi lambar wayar biyu daga cikinsu, ki yanka musu lokacin dawowa.

Hawa da sauka

Ki faɗa wa ɗanki wannan ya haddace: hawa ya fi sauka sauƙi. Mai hawa yana ganin inda zai sa hannu, mai sauka ba ya ganin inda ƙafarsa za ta taka, ga gajiya, ga ɗokin gida. Duk inda bai tabbata zai iya saukowa ba, kada ya hau. A wuri mai tsauri, gaɓoɓi uku su kasance a dafe kafin ya ɗaga na huɗu. Kada ya rataya nauyinsa a kan ciyawa ko ƙaramin saiwa. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa, saboda dutsen da zai gangaro. In za a ɗauki hoto, a zauna nesa da gefe. Ja da baya ana kallon waya shi ne ganganci mafi muni.

In an faɗo, kuma yaro yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ciccibe shi a ɗora a babur. A riƙe kansa kada ya motsa, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako a kwantar da shi a miƙe. Wanda ya bugu a kai ya tashi ya ce lafiya lau, ki sa masa ido kwana biyu. Amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba. Masu ɗori suna da matsayinsu a wurinmu, amma karayar da ƙashi ya fasa fata, da bugun kai, da na gadon baya, a fara da asibiti.

Mazauna kogon dutse

Ramukan dutse da ciyawar gindinsa gidan kububuwa ne da kasa da gamsheƙa, ga kunama, ga ƙudan zuma. Dokar ɗaya ce: kada a sa hannu inda ido bai gani ba. Na gaba ya riƙe sanda yana bugun ciyawa.

In maciji ya yi sara, a cire zobe da agogo da duk abin da ke matse wurin kafin ya kumbura. A ɗaura wa gaɓar sanda kamar yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauki yaron, kada a bar shi ya yi gudu. Ba a ɗaure wurin tamau da igiya ko roba, ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a tsayawa neman macijin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Yaro zai iya zama kamar lafiyarsa ƙalau, sai daga baya jini ya fara fita daga dasashi ko a fitsari, ko ya zuba a cikin kai. A asibiti mukan ɗebi jini kaɗan a busasshiyar kwalba mu ajiye minti 20. In bai daskare ba, mun san dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Ita kaɗai ce maganinsa, kuma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Ki tambaya tun yanzu wane asibiti ne kusa da ke yake da ita. Gamsheƙa kuma takan tofa dafi a ido. A wanke idon nan take da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sannan a tafi asibiti.

Ruwan na kallo ne

Nan ne hankalina ya fi tashi. An sauko a gajiye, gumi ya jiƙa riga, ga ruwa a kwance. Wani zai ce a ɗan watsa.

Dam ba rafin bayan gari ba ne. Gefensa kan yi zurfi farat ɗaya, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, akwai kututture da tsofaffin tarun masunta. Mai nutsewa kuma ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, shiru yake tafiya. Abin da ya fi ciwo shi ne aboki ya faɗa ceton aboki, gida biyu su yi zaman makoki. Ki koya wa ɗanki: ba a shiga, miƙawa ake yi ko jefawa. Gora, igiya, rawani, ko jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta. In an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska baki da baki, a danna tsakiyar ƙirji. Kada a ɓata lokaci ana juya shi ƙasa wai ruwa ya fita. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, domin huhu kan rikice bayan wasu awoyi. Girman wannan matsala ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yulin kowace shekara, tun daga 2021, don faɗakarwa kan nutsewa a ruwa.

Akwai kuma cutar da ba a gani a ranar, wato tsargiya. A shekarun 1970, likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun yi dogon bincike a yankin Malumfashi kan tsargiya da saran maciji. Har zama suka yi a bakin dam ɗin Ruwan Sanyi suna lura da masu shiga ruwa, kuma yara maza ne suka fi kamuwa. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka. Ba sai ya sha ruwan ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Har gobe akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji. Cuta ce, in an bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda, a jikin 'ya mace kuma tana taɓa al'aura da mahaifa. Maganinta Praziquantel ne, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, ana sha bayan an ci abinci. In ɗanki ya taɓa wanka a dam, ki tambaye shi a keɓe, cikin lallashi, ko yana ganin jini. Da wuya ya faɗa da kansa.

Nakan ji iyaye a bakin gadon mara lafiya suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, komai da ƙaddarar Allah. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma kambas da ledar ruwa huɗu da tambayar mai unguwa duk sababi ne da bai fi ƙarfin kowace uwa ba.

Yau da daddare, bayan an ci tuwo, ki ce wa ɗanki ya nuna miki hotunan da ke wayarsa. Ki yaba kyan wurin tukuna, sannan ki tambaye shi ta ina suka hau, ta ina suka sauko, su wa suka shiga ruwa. In hali ya yi, wata Asabar ku shirya ku tafi gaba ɗaya da maigida da ƙannensa, ku zaɓi ƙaramin dutse a gefen gari. Da yawa daga cikinmu an haife mu a gindin waɗannan duwatsu, mun yi aure mun haihu, ba mu taɓa ganin garinmu daga sama ba.

Wadda ta san dutse mai sauƙin hawa a kusa da garinsu, ko asibitin da ke ajiye allurar dafin maciji, ta rubuta mana a ƙasa don sauran iyaye su amfana. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.