Gani Ya Kori Ji: A Toshe Kunnen Kyamarar Mota, A Bar Mata Idonta

Duk ma'aikacin da ya saba barin Kusada da asubahin Litinin domin ya riski ofis a Katsina, da duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a Gidan Mutum Ɗaya da jakarsa yana jiran mota, ya san cewa motar haya majalisa ce. Da zarar an cika an tashi, kafin a kai Kankiya an san wanda ya sayar da sa jiya da nawa ya sayar, an san wadda aka kai wa lefe, an zagi gwamnati an kuma yabe ta. Mutane suna sakin baki haka ne domin sun sakankance cewa in an sauka a tasha magana ta bi iska.

To, yanzu wani sabon fasinja ya fara shiga wannan majalisa ba tare da sallama ba, watau 'yar ƙaramar kyamarar nan da ake maƙalawa a gilashin gaban mota. Sannu a hankali ana ganinta a motocin gida da na kamfanoni da wasu na haya. Tana ɗaukar hoton hanya tun daga tashi har sauka, tana rubuta wuri da lokaci da gudun mota, sa'an nan kuma, abin da mutane da yawa ba su sani ba, tana naɗar duk maganar da aka yi a cikin motar. Ra'ayina shi ne wannan na'ura abar maraba ce, amma da sharaɗi: a raba ta da muryoyin fasinja, a kuma kiyaye bayanin wurin da take rubutawa, domin shi ne gishirin shaidar.

Amfaninta ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san hanyar Kano zuwa Katsina. In aka yi karo, kowane direba rantsuwa yake yi cewa ɗayan ne ya shigo hannunsa, masu shaida kuwa sun watse kafin ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, su iso da igiyar awo. Irin wannan jayayya ce ta sa direbobin Rasha suka rungumi kyamarar, har ya zama ranar 15 ga Fabrairu, 2013, lokacin da wani dutse daga sama ya tarwatse a sararin birnin Chelyabinsk, kyamarorin motoci ne suka nuna wa duniya yadda abin ya faru. A Jamus kuma, inda ake tsananta kare sirrin mutane, babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke hukunci a watan Mayu na 2018 cewa ɗaukar hoto ba tsayawa ba tare da dalili ba ya saɓa wa dokar kare bayanai, amma duk da haka ana iya karɓar hoton a matsayin shaida a shari'ar haɗarin mota. Watau alƙalan sun ga amfanin, sun kuma ga haɗarin, suka auna su a sikeli ɗaya. Mu ma awon da ya kamata mu yi ke nan tun abin bai yi yawa ba.

Domin a fahimci zancen, sai a san yadda fayil ɗin kyamarar yake. Kamar igiya ce da aka tufka da zare uku. Zare na farko hoto ne, na biyu sauti, na uku kuwa bayanin wuri da lokaci da gudu. Wannan na ukun yana fitowa ne daga taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda suke shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da mu. In na'urar ta sami saƙon guda huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda mota take da kuskuren 'yan mitoci kaɗan, ko da babu sabis ɗin waya a wurin. Wasu kyamarorin suna buga wannan bayani a gindin hoton inda ido zai gani, wasu kuwa suna ɓoye shi a cikin fayil ɗin, ba ya fitowa sai an buɗe da manhajar kamfanin da ya ƙera su.

A cikin zaren nan uku, wanne ne alƙali yake bukata? Mu ƙaddara an yi karo kusa da Yashe. Hoton zai nuna motar da ta bar hannunta. Amma kwalta da gonakin dawa duk kama suke yi da juna, saboda haka lauyan wanda ake tuhuma yana iya cewa wannan hoto a hanyar Daura aka ɗauke shi bara. Bayanin wuri da lokaci ne kaɗai zai rufe masa baki, shi ne kuma zai nuna ko mai kyamarar kansa yana gudun da ya wuce ƙa'ida. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta fitar, amma sai an kawo takardar tabbaci mai bayyana na'urar da yadda aka samar da shaidar, an kuma gamsar da kotu cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Hoton da aka yi wa aski har wurinsa da lokacinsa suka zube, da wuya ya tsallake wannan siraɗi. Hirar da fasinja suke yi a kujerar baya kuwa, ba ta ƙara wa shari'ar komai.

Ba ta ƙara komai, amma tana iya jawo asara mai yawa. Sau da yawa hoton haɗari ba kotu yake fara zuwa ba, WhatsApp da Facebook yake fara zagawa. A ɗauka minti biyu kafin karon wani falke ya amsa waya ya ce ya karɓi kuɗin shanun, yana tafe da su gida, ya ambaci ƙauyensu. Wannan magana, da muryarsa da kowa ya sani, za ta shiga wayoyi dubu kafin magariba. A jihar da gwamnati ta kai ga sa a toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, ba sai an faɗa wa kowa abin da irin wannan magana take iya haifarwa ba. Ko ba a kai can ba, akwai matar da take ba ƙawarta labarin ɗakinta, akwai ƙaramin ma'aikacin da ya soki maigidansa na ofis yana zaton a mota zancen zai tsaya. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma shimfiɗa ƙa'idar cewa kada a tara bayanin mutum fiye da abin da buƙata ta kama. Tun kafin waɗannan dokoki, addininmu da tarbiyyarmu sun hana laɓe da bin diddigin asirin mutane. Fasinja kuɗin kujera ya biya, bai sayar wa direba da bakinsa ba.

To, yaya za a yi? Hanya mafi sauƙi ita ce rigakafi. Yawancin kyamarorin nan suna da maɓalli ko wurin saiti na kashe makirufo. In an kashe shi tun kafin a tashi, fayil ɗin zai fito da hoto da wuri kawai, babu abin da za a yanke balle a ɓata. A kuma kunna saitin da yake buga rana da lokaci da lambobin wuri a kan hoton, a tabbata agogon na'urar daidai yake, domin abin da aka buga a fuskar hoto ba ya gogewa ko sau nawa aka tura shi.

In kuwa an riga an naɗa da sauti, to, ƙa'ida ta farko ita ce kada a taɓa na asali. A zare katin memori nan take a adana, domin kyamarar in ta cika takan hau kan tsofaffin hotuna ta shafe su. Kwafi ake yi wa aiki. A nan ne mutane suke yin tuntuɓe: galibin manhajojin gyaran bidiyo na waya, in aka ce su cire sauti, sabon fayil suke ƙerawa gaba ɗaya, su watsar da zare na uku ba tare da sun faɗa ba. Haka ma tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba yakan matse shi ya zubar da bayanan da ke ɓoye, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna FFmpeg wadda take iya zare sauti ta bar hoton yadda yake, amma ita ma ba kullum take ɗauko bayanin wuri ba, tunda kowane kamfani da lungun da yake ajiye nasa. Saboda haka bayan an gama, lalle ne a buɗe kwafin da manhajar kyamarar a ga ko motar tana tafiya a kan taswira. In ba ta tafiya, aikin bai yi ba.

Na san akwai masu cewa sauti ma shaida ne, kuma suna da gaskiya daidai gwargwado. Ƙarar oda da ƙugin birki suna iya nuna cewa direba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, muryar mai neman na goro a shingen hanya kuwa ba ta fitowa a hoto. Amma wannan bukata ta minti ɗaya ce a tafiyar awa biyu. Direban da ya hango shinge yana iya danna maɓalli ya kunna makirufo, ya kashe in ya wuce. Ba adalci ba ne a naɗi asirin fasinja bakwai kullum saboda tsammanin abin da zai faru sau ɗaya a shekara. Wanda kuma ya ga lalle sai ya bar sauti a kunne, to, ya manna sanarwa da Hausa inda kowa zai gani, ya kuma faɗa da baki saboda waɗanda ba sa karatu, mai so ya hau, wanda ba ya so ya jira ta gaba.

Akwai kuma gargaɗi ɗaya game da bayanin wurin kansa. Kiyaye shi da nake kira a yi, domin kotu da 'yan sanda da kamfanin inshora ne, ba domin 'yan kallo ba. Fayil ɗin da ya fara daga ƙofar gidanka yana nuna inda kake kwana, da ƙarfe nawa kake fita, da hanyar da kake bi. Wanda zai watsa hoto ga jama'a, sai ya yanko daidai inda abin ya faru ya bar sauran a aljihu.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasoshin Kusada da Kankiya, da Hukumar Sufuri ta Jihar Katsina, su mai da kashe makirufo ƙa'ida ga duk motar haya mai kyamara. Hukumar Kiyaye Haɗurra da hukumar KASSAROTA su koya wa ma'aikatansu neman katin asali a wurin haɗari, maimakon karɓar abin da aka turo ta waya. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta kuwa, ga aiki ya samu: su koyi wannan sana'a da kyau, domin direban da ya shiga matsala ya sami mai taimaka masa a garinsu ba tare da an ɓata masa shaida ba. Mai shaidar kirki yakan faɗi abin da ya gani da inda ya gani, ya kama bakinsa a kan abin da ba a tambaye shi ba. Haka muke so kyamarar mota ta zama. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke mu lafiya.